Wa ya ce hutu da wahala ba sa kwana ɗaki ɗaya?

Makon jiya wani hoto ya faɗo zauren WhatsApp na 'yan ajinmu na sakandare. Kun san irinsu: baƙin bango, jan rubutu, an tsaga shi gida biyu. A hagu an sa Matiyu 11:28, wurin da Kiristoci ke karanta cewa Annabi Isa (AS) ya kira waɗanda suka gaji, masu fama da kaya mai nauyi, ya yi musu alkawarin hutu. A dama an sa Yohanna 16:33, wurin da shi ɗin dai yake gaya wa almajiransa cewa wahala na nan tana jiransu a duniya. Can ƙasa, da manyan baƙaƙe, an rubuta tambaya: to wanne za mu ɗauka? Sai fuskokin dariya guda uku.

Kafin a kira Isha'i zauren ya kama da wuta. Wannan ya turo bidiyon Ahmed Deedat, wancan ya turo wani hoton mai dogon jerin "tufka da warwara". Mu duka Musulmi ne a ciki in ban da mutum biyu. Ɗayansu mun yi shekara shida muna zama benci ɗaya da shi. A Ƙaura Namoda aka haife shi, Hausarsa ta fi ta wasunmu, kuma duk azumi sai ya zo gidanmu shan kunu. Bai ce uffan ba. Da safe na duba, sai na ga ɗan rubutun nan mai launin toka: ya fita daga zauren.

Bari in share fage tun kafin wani ya fara wasa wuƙa. Ni Musulmi ne, kuma abin da malamanmu suka karantar da mu game da littattafan da suka gabata yana nan, ban zo in goge shi ba. Ba na cewa addinan biyu ɗaya ne, Kirista na gaskiya ma ba zai yarda da hakan ba. Akwai wurare a Littafi Mai Tsarki da malaman Kirista da kansu suka daɗe suna kai-kawo a kansu. Misali, ayoyi 12 na ƙarshen Bisharar Markus babu su a wasu daga cikin kwafe-kwafe mafi daɗewa, kuma bugun zamani da yawa sukan rubuta haka ƙarara a gindin shafi. Wannan muhawara ce ta masu ilimi, da littattafai baje a gabansu. Hoton da aka turo mana ba ya cikin wannan sahu. Aikin almakashi ne kawai. Abin da ya sa na ba shi shafin wannan makon shi ne, almakashin da muka yanki ayoyin maƙwabta da shi, shi ne dai ake yanka namu da shi a toshe mana baki a nan Zamfara.

Mu fara da ayar dama. Duk wanda ya ɓata minti ɗaya ya buɗe Yohanna 16:33 ya karanta ta har ƙarshe zai ga rabi aka ɗauko. Ayar ta fara ne da maganar salama, wato kwanciyar hankali, sannan ta ambaci wahalar duniya, sannan ta rufe da ƙarfafa zuciya. Abubuwa biyun da mai hoto ya ce suna dambe da juna, ashe a aya ɗaya suke zaune kafaɗa da kafaɗa. Ba wai an faɗi ɗaya a nan an manta, aka zo aka faɗi kishiyarsa a can ba. A numfashi ɗaya aka haɗa su.

Ayar hagu ta ma fi ban sha'awa. Babi na 11 na Matiyu, wanda alkawarin hutu ya zo a ƙarshensa, tun a farkonsa za ka tarar da Annabi Yahaya (AS) a kurkuku, yana aiko da almajiransa da tambaya. A babi na 14 aka ba da labarin yadda sarki Hirudus ya sa aka sare masa kai. Babi na 10 kuwa cike yake da gargaɗi ga almajirai cewa za a kama su, a yi musu bulala, a tsane su. Wato wanda ya tsara littafin ya ajiye alkawarin hutu ne tsakanin bulala da sarar kai. Ko dai bai san abin da yake yi ba, ko kuwa hutun da ake nufi ba na miƙe ƙafa a katifa ƙarƙashin fanka ba ne.

Su kansu lambobin nan da muke jifan juna da su, 11:28, 16:33, ba da su aka rubuta littafin ba. Rabon babi-babi da ake amfani da shi yau ana danganta shi ga Stephen Langton, wani babban limamin coci na Ingila a ƙarni na 13. Lambobin ayoyin Sabon Alkawari kuma wani Bafaranshe mai maɗaba'a, Robert Estienne, shi ya sa su a bugunsa na 1551. Don sauƙin nema aka yi su, kamar lambar da ake rubutawa a ƙofar gida. Maganar ba ta fara a inda lamba ta fara ba, ba ta kuma ƙare a inda lamba ta ƙare ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ayoyi biyun da ke bin 11:28 kai tsaye. Bayan an yi wa gajiyayye alkawarin hutu, abin da aka miƙa masa ba matashin kai ba ne. Karkiya ce. An ce ya ɗauke ta, an kuma siffanta ta da sauƙi. Yaron birni da bai taɓa bin garma ba zai yi tsalle ya ce ga wata tufka da warwarar: ta yaya za a ce wa mutum zo ka huta, sannan a ɗora masa itace a wuya? To, je ka Kuryar Madaro, garin kakannina na wajen uwa, ka tambayi duk wanda ya taɓa riƙe shanun huɗa.

A wurin kawuna na koyi cewa karkiya iri biyu ce. Akwai wadda masassaƙi ya yi da gaggawa, ba ta daidaita ba, gefe ɗaya ya rinjayi ɗaya. Kafin a yi nisa da huɗa ta goge wa sa wuya a gaban tozo, ƙuda ya bi mikin, shi ke nan sai a kwance shi ana tsakiyar damina, lokacin da kowace rana ɗaya ke da tsada. Akwai kuma wadda aka auna da wuyan shanun, aka kankare ta ta yi sumul, ta raba nauyi daidai. Gonar ɗaya ce, ƙasar ɗaya ce, rana ma ba ta rage zafi ba. Amma wannan san zai yini yana jan garma, ya dawo da yamma ya kwanta yana tuƙa hankali kwance. Sannan karkiya ba ta sa ɗaya ba ce, ta biyu ce. Idan za a hori sabon bajimi, da tsohon sa ake haɗa shi, wanda ya san kunya, ya san muryar mai garma. Tsohon ne ke riƙe hanya, ƙaramin yana fizge-fizge har ya koya. Manomi bai taɓa jin cewa "karkiya mai sauƙi" magana ce mai karo da kanta ba. Ya san ba a ɗauke aikin ba, an dai gyara yadda nauyin ke zama a wuya, an kuma ba ka abokin ja.

Bijiman kawu ba sa nan yanzu. Dare ɗaya aka kora su tare da na maƙwabta, kamar yadda aka kori na mutane bila adadin daga Zurmi har Shinkafi. Daminar da ta biyo baya da hannu ya yi huɗa, da furfurarsa da komai, gonar da ke nesa da gari kuwa ya sallama ta ga ciyawa. Na taɓa tambayarsa ko yana samun barci. Ya ce jiki dai ba ya samu, don kunne ɗaya kullum yana waje yana sauraron ƙarar babura, amma zuciya alhamdulillahi tana kwance. Ban ga alamar yana jin ya faɗi magana biyu masu cin karo ba.

Yanzu mu juyo gida. A ce wani yaro a Jos ko Kafanchan ya ɗauki irin almakashin nan ya nufo Alƙur'ani. Wallahi ba zai sha wahala ba. A hagu ya sa aya ta 4 ta Suratul Balad, wadda ke nuna cewa cikin wahala aka halicci ɗan Adam. A dama ya sa aya ta 185 ta Baƙara, wadda ke nuna sauƙi Allah yake nufin mu da shi, ba tsanani ba. Ya rubuta "wanne za mu ɗauka?", ya jera fuskokin dariya uku. Me za mu ce masa? Za mu ce jahili ne, bai zauna gaban malami ba, bai san ayar Baƙara a cikin hukuncin azumin mara lafiya da matafiyi ta zo ba. Kuma da gaskiyarmu. To wannan adalcin da muke nema wa littafinmu, me ya hana mu ara wa na maƙwabci, ko na minti biyar ne?

Kowane ɗan Islamiyya ya haddace Alam Nashrah. Malamai sun daɗe suna jan hankali cewa kalmar da ta haɗa tsanani da sauƙi a cikinta "tare" take nufi, ba "bayan" ba. A Makka surar ta sauka, lokacin da Musulmi ba su da gari, ba su da runduna, ana gasa raunanansu a rana. Suratur Ra'ad aya ta 28 ta ɗaura natsuwar zuciya a kan ambaton Allah, ba ta ɗaura ta a kan ƙarewar matsala ba. Mu da muka taso da waɗannan ayoyin a bakinmu, mu ne ya kamata mu fi kowa saurin gane abin da ayar Matiyu ke nufi, ko da ba mu yi imani da littafin yadda Kirista ya yi ba.

Kuma don Allah mu daina jin kamar mu muka gano wannan fagen. Ibn Ƙutaiba, wanda ya rasu a shekara ta 276 bayan Hijira, ya rubuta littafi guda a kan hadisan da ake ganin kamar suna saɓa wa juna, wani kuma a kan wurare masu wuyar fahimta a Alƙur'ani. Shaihu Muhammadul Amin Shanƙiɗi, ɗan Muritaniya da ya karantar a Madina, ya bi Alƙur'ani sura-sura yana warware ayoyin da mai gaggawa zai ɗauka sun ci karo. A ɓangaren Kiristoci, Agustin na Hippo, wani gari da ke Aljeriya ta yau, ya rubuta nasa a kan daidaita Bisharu huɗu tun wajajen shekara ta 400. Tambayar da ɗan zaurenmu ya ji kamar shi ya tono ta da datar naira ɗari biyu, an fi shekara dubu ana amsa irinta a gidajen biyu.

Da a jahilci kawai abin ya tsaya, da na yi shiru na wuce. Matsalar ita ce kowane rabin aya yana da kasuwarsa, kuma talaka ne ke biya.

Rabin hutu shi ne jarin masu sayar da sauƙi. A can akwai faston da zai ce ka "shuka iri" a asusunsa, talauci da ciwo su gudu kafin ƙarshen wata. A nan akwai malamin TikTok mai sirrin buɗi, mai layar da harsashi ba ya huda ta, lambar asusunsa na yawo a ƙasan bidiyo. Duka biyun abu ɗaya suke sayarwa: imani wanda babu wahala a cikinsa. Idan wata ya ƙare ba ka ga buɗi ba, sai a ce imaninka ne da rauni, ko ba ka cika sharaɗi ba. Ka zo da kaya ɗaya, ka koma da biyu: ga talaucin, ga zargin kai.

Rabin wahala ya fi haɗari, don shi ne masu mulki suka fi so. Waɗanda suka yi wayo a 2017 za su tuna annobar sanƙarau da ta fi ƙamari a Zamfara. Ana cikin binne yara, gwamnan lokacin, Abdul'aziz Yari, ya shaida wa 'yan jarida cewa cutar horo ce daga Allah saboda zunuban mutane, har ya ambaci zinace-zinace. Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya fito fili ya ƙalubalanci maganar, ya ce idan babu allurar rigakafi a je a nemo ta. Ku lura, babu wanda ya musa cewa Allah ke saukar da cuta. Abin da aka musa shi ne mai riƙe da baitulmali ya ɗauko rabin aya ya rufe tambayar da ke kansa.

Tun daga nan salon bai canja ba, ko wace jam'iyya ce a sama. A watan Yunin 2021 'yan sanda sun tabbatar da kashe mutum 53 a wasu ƙauyukan Zurmi. A watan Satumbar shekarar aka katse layukan waya a faɗin jihar, aka rufe kasuwannin mako, mutane suna tafiya har wata jiha don su kira 'yan'uwansu su ce muna raye. A watan Yulin 2025 labari ya fito daga Banga, a nan ƙaramar hukumar Ƙaura Namoda, cewa an kashe mutum fiye da 30 daga cikin waɗanda aka sace, bayan an riga an biya kuɗin fansa. Manomi na biyan haraji ga ɗan bindiga kafin ya shuka, ya sake biya kafin ya girbe. Bayan kowace musiba kuma mun san abin da ke biyowa: ayarin motoci, buhunan shinkafa, hoto, sai a ce jarrabawa ce, a yi haƙuri, a ci gaba da addu'a.

Jarrabawa ce, ƙwarai kuwa. Aya ta 155 ta Baƙara ta lissafa abubuwan da za a jarraba mutane da su: tsoro, yunwa, asarar dukiya, asarar rayuka, da tauyewar amfanin gona. Wanda ya kwana a ƙauyukan Ƙaura zai ce kamar da sunan garinsu aka lissafa. Amma kowa da takardar jarrabawarsa. Ta matar da aka kashe wa miji ita ce haƙuri, kuma Allah ne kaɗai ya san girman ladanta. Ta wanda ya ɗora hannu a kan Alƙur'ani ya rantse zai kare rayuka, yake kuma karɓar kuɗin tsaro duk wata, ita ce adalci da riƙon amana. Abin da muke gani shi ne mai mulki ya ajiye tasa takardar ba komai a rubuce, ya zo yana duba ta talaka yana ba shi maki.

Akwai kuma maganar da na fi jin zafinta, wadda mu matasa ma muke yaɗawa da hannunmu: wai duk abin da ke faruwa zunubanmu ne. Ana kafa hujja da aya ta 41 ta Suratur Rum, wadda ke danganta ɓarnar da ta bayyana a ƙasa da abin da hannayen mutane suka aikata. Na yarda da ayar ɗari bisa ɗari. Tambayata ita ce, hannun wa? Akwai hannun da ke kai wa daji fetur da burodi. Akwai hannun da ke buga waya ya ce wane ya sayar da wake yau, kuɗi na gida. Akwai hannun da ya shigo da bindiga, da wanda ya sa hannu a takardar kuɗin da ba su isa inda aka ce ba. Me ya sa idan an karanta ayar sai a juya ana kallon yarinyar da ta gudo daga ƙauyensu da zane ɗaya, tana kwana a kangon makaranta? A cikin hadisi ingantacce an nuna annabawa su ne suka fi kowa shan jarrabawa, sai waɗanda suka fi kama da su. Idan yawan wahala shi ne ma'aunin zunubi, ina za mu kai wannan?

Abin mamaki, littafin da muka yi wa dariya a zaure ya tsaya a kan wannan gaɓar shi ma. A babi na 13 na Luka an ambaci wata hasumiya a Siluwam da ta rufta ta kashe mutum 18, kuma a ruwayar, Annabi Isa (AS) ya ƙi yarda cewa sun fi sauran mutanen birnin laifi, ya juya kiran tuba ga masu sauraronsa. A littafin Ayuba, abokansa uku sun zo masa jaje, suka ɓige da nace masa cewa lallai akwai laifin da ya ɓoye. A babin ƙarshe su ne aka tsawatar wa, ba shi ba. Irin waɗannan abokan ba su ƙare ba. Yanzu wayoyi gare su.

Sannan babu ɗaya daga cikin gidajen biyu da ya fassara haƙuri da naɗe hannu. Sayyidina Umar ya kama hanyar Sham, ya ji labarin annoba, ya juya da jama'arsa. Da aka tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, ya nuna cewa daga wata ƙaddarar Allah yake gudu zuwa wata. A Ayyukan Manzanni babi na 16, Bulus, wanda wasiƙunsa ke cike da maganar jure wahala, an yi masa dūka a Filibi ba tare da shari'a ba aka kulle shi. Da safe mahukunta suka aiko a sake shi a ɓoye, ya ce atafau, sai sun zo da ƙafarsu sun fitar da shi, don yana da 'yancin ɗan ƙasa. Mutum ɗaya ne ya jure bulalar, shi ne kuma ya nemi haƙƙinsa da safe.

Ba ma sai mun je nesa ba. A wannan ƙasar tamu Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi shekaru yana wa'azi a Zamfara. Lokacin da Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malamai a Magami ranar idi ya yi musu kyauta, Shehu bai karɓi dukiya ba. Buƙatu biyar ya gabatar, a cikinsu har da a saki fursunoni, kuma a sassauta wa talakawa haraji. Malamin da ya fi kowa koyar da haƙuri da gudun duniya, da ya samu kunnen sarki, maganar nauyin da ke wuyan talaka ya yi. Bai ce wa talaka karkiyar nan da ke goge maka wuya ƙaddara ce ka yi shiru ba. Wajen wanda ya sassaƙa ta ya nufa.

Wani zai ce, to duk wannan me ya haɗa shi da ɗan hoton raha a WhatsApp? Abin da ya haɗa su shi ne ɗabi'a. Ƙwaƙwalwar da ta saba haɗiye rabin aya idan ta yi mata daɗi a kan Kirista, ita ce za ta haɗiye rabin aya idan ɗan siyasa ko ɗan damfara ya miƙo mata. Ba a koyon tambayar "me ke gabanta, me ke bayanta, wa aka gaya wa, a wane hali" a wuri ɗaya a manta da ita a wani wurin. Cikakken Littafi Mai Tsarki yana nan da Hausa tun 1932, yau kuma yana cikin waya kyauta, kamar yadda tafsirin malamanmu yake. Karanta ayoyi biyar kafin wadda aka turo maka da biyar bayanta ba zai cinye maka data ba, ba kuma zai cinye maka imani ba. Idan bayan haka ka ga akwai tambaya ta gaske, yi ta da ladabi ga wanda ya sani. Ankabut aya ta 46 ta gindaya yadda ake muhawara da Ma'abota Littafi, An'am aya ta 108 kuma ta hana zagin abin da wasu ke bauta wa don kada su rama a kan Allah. Ba ni na ƙirƙiro su ba.

Kuma mu 'yan Zamfara ba mu da uzurin cewa ba mu san inda wasa da maganar addini ke kaiwa ba. A watan Agustan 2016, a Talata Mafara, zargin ɓatanci da ya taso tsakanin ɗalibai ya ƙare da mutum takwas sun ƙone a cikin gida. Jihar da ke binne mutane kusan kullum ba ta da rarar rai da za ta kashe a kan hoto mai jan rubutu. Masu zuwa a kan babura ba sa tambayar wane littafi ne a aljihunka. A nan an kwashi masallata daga cikin masallaci, a Kaduna an kwashi masu ibada daga coci, kuma da kuɗi iri ɗaya ake fansar kowa.

Bayan kwana biyu na kira abokin nan nawa. Na ɗauka zan same shi cike da fushi. Sai ya ce mini tambayar ba ta dame shi ba ko kaɗan, don shi kansa ya taɓa kai wa fastonsu ita, a shekarar da aka tare motar yayansa a hanyar Gusau aka yi wata biyu ba a san inda yake ba. Ya ce babu Kiristan da ya sha wahala da gaske da bai taɓa kallon ayar nan ta hutu ya ce ina hutun yake ba. Abin da ya sa ya fita, in ji shi, fuskokin dariyar nan uku ne. A duk tsawon wata biyun, wannan ayar ce mahaifiyarsu ke karantawa da dare kafin ta iya runtsawa, tana karantawa tana kuka, da asuba kuma ta tashi ta ci gaba da bin dangi ana haɗa kuɗin fansa.

Na koma zauren na rubuta abin da na iya, ban ambaci yayansa ba don bai ba ni izini ba. Wasu suka ce na cika tsawaita magana. Wani ya tambaye ni ko dai na fara zuwa coci ne. Wanda ya turo hoton, don in yi masa adalci, ya goge shi ya ce bai yi nufin cin zarafi ba, shi ma turo masa aka yi. Sai dai kafin ya goge an riga an watsa shi wasu zaurukan, ban san inda ya kai yanzu ba.

Na roƙi mai kula da zauren ya mayar da abokinmu. Da na gaya masa, sai ya yi dariya ya ce in gode musu, zai dawo, amma in bar shi ya ɗan huta tukuna.